Takardar Kaka Ladi

"Hajiya ta ce a dakata da sa rana."

Muzzammil ya faɗi saƙon mahaifiyarsa bai ɗago kai ba. Amatullahi ta ajiye kofin ruwan da ta kawo masa a kan tabarmar zaure.

"Saboda mi?"

"Sumayya ɗiyar Gwaggo ta kai mata zancen takardar nan ta gidanku..."

Ta san za a rina. Tun da aka fara maganar aurensu Sumayya ke neman inda za ta soka. Kowa a Kalgo ya san Kaka Ladi ta yi aikin girki a gidan wani Bagirke mai sayen fatu. Bayan ya koma ƙasarsu aka aiko mata takarda da rubutun da ba mai iya karantawa. Sai mutane suka dubi hasken jaririnta suka yanke hukunci. Jaririn nan shi ne Malam Basharu, mahaifin Amatullahi. Shekara sittin ana raɗa, ba a samu mutum ɗaya da ya nemi a karanta ba.

Abin da ya sa ta nemi gurbin karatun harshen Girkanci da tarihinsu ke nan a jami'a a Atina, babban birnin Girka, har ƙawaye na mata dariya. Ga shi ta dawo hutun shekara ta biyu, mahaifinta ya ƙi ba ta mabuɗin akwatin da takardar ke ciki.

Ta same shi yana gyaran carbi.

"Baba, za a fasa aurena kan takardar da ba wanda ya san abin da ta ce."

"Ɗiyata, in ta faɗi abin da suke faɗi fa?"

"To mu sani. Gara in ji da bakina da in ji a bakin 'yan rijiya."

Ya miƙo mata mabuɗin.

Ba ta buɗe ambulan ɗin ba. Ta ce sai a gaban Hajiya.

Washegari da hantsi ita da Muzzammil suka isa gidansu a Gwandu. Hajiya na kan kujera, Sumayya na gefenta tana taunar cingam.

"Ikon Allah, 'yan Girka sun iso," in ji Sumayya.

Amatullahi ta durƙusa ta gai da Hajiya, ta ciro takardar. Muzzammil ya riga ta magana.

"Hajiya, ki gafarce ni. Kafin a karanta nake so ki ji. Ko mi ke ciki, ita nake so, ba zan auri wata ba."

Hajiya ta kawar da kai. Amatullahi ta ji ƙwalla ta cika mata ido, har rubutun ya dushe. Ta share, ta fara fassarawa a hankali, domin rubutun hannun tsofaffi ne mai wuyar bi.

"Zuwa ga Ladi, daga Eleni, matar mai gidan da kika yi wa aiki. Na san ba za ki iya karanta wannan ba, amma ba ni da wani harshen. 'Yata da kika goya lokacin zazzaɓinta ta warke, kullum tana kiran sunanki. Ki gai da mijinki Atiku. Ki sumbatar mini Basharu, mai kunnuwan ubansa..."

"Wa ya tabbatar abin da ke ciki ke nan?" Sumayya ta katse ta. "Ita ta karanta, ita ta fassara."

"Ga wayarki nan. Ɗauki hoto ta fassara miki."

Sumayya ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon wayar, cingam ya tsaya mata a baki.

"Mi ta ce?" in ji Hajiya.

"Wai... kunnuwa."

Hajiya ta ce, "Na san Malam Atiku ina yarinya. Wallahi kunnuwan Malam Basharu nasa ne." Ta dubi ɗanta. "Ka gaya wa Kawunka Zubair su shirya zuwa Kalgo ranar Juma'a."

A mota Muzzammil ya ce, "Rabin raina, kin yi fushi da ni?"

"Jiya na yi. Yau ka biya."

Ta tarar da mahaifinta a inda ta bar shi, ko abinci bai taɓa ba. Ta zauna kusa da shi ta karanta masa tun daga farko har ƙarshe. Tsohon ya kai hannu ya shafa kunnensa.

"Nuna mini inda sunana yake."

Ta ɗora yatsansa a kai.

"Sake karanta mini wurin," ya ce.