Mai Ƙwanƙwasa Tagar Inna

A wani ƙauye, can a zamanin da, an yi wata tsohuwa mai tagar katako wadda marigayi mijinta ya sassaƙa mata da hannunsa. Kullum da safe sai wani ɗan tsuntsu ya sauko daga bishiyar lemo, ya hau saran katakon: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta kore shi, ya dawo. Ta rataya tsumma, ya dawo.

Maƙwabcinta maharbi ya ce, "Inna, ki bar ni da shi. Dutse ɗaya ya ishe shi."

Ta dubi ramukan da ke jikin tagar, idonta ya cika da ƙwalla. Amma ta ce, "A'a, ɗan nan. Wanda ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, ai sai ka ji abin da ya kawo shi."

Washegari ta zauna shiru tana kallo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai tsuntsu ya zaro wani farin ƙwaro, ya kai wa 'ya'yansa a sheƙa. Ta danna katakon da yatsa, sai ya burma. Ashe gara ce ke cin tagar ta ciki!

Ta kira maharbi, ya kankare garar, ya shafe katakon da man darbejiya. Ita kuwa ta ajiye tsaki da ruwa a kasko, a gindin lemo.

Tsuntsu bai ƙara taɓa taga ba. Da safe tsohuwa ta leƙo, ta gan shi a bakin kasko, ta yi murmushi ta ce, "Kai kuma, don ka ƙoshi sai ka daina yi mini sallama?"