Farar Miyar Yerusha

"Sake faɗa min, wa kika ce sunan kakarki ta wajen uwa?"

Yerusha ta ajiye kofin shayinta a hankali. Ta gaji da wannan tambayar, amma ba ta bari ya nuna a fuskarta ba.

"Segula."

"Wancan makon ba haka kika ce ba."

"Wancan makon... ta wajen uba kika tambaya."

"Uhm." Ima Gizala ta ƙanƙance ido. "To a can Bambai ɗin, wa yake yanka muku kaza? Ko duk wanda ya ɗauki wuƙa?"

Ɗanta Nisim ya leƙo daga bakin ƙofa, hular aiki a hannu. "Haba Ima! Ko a tashar jirgin ruwa ba a yi mata wannan titsiye ba. Ki bar yarinya ta sha shayi."

"Rufe min baki, direban banza. Da baƙuwata nake magana."

Yerusha ta haɗiye abin da ya taso mata. Da a harshensu na Marati ne, da tuni ta kai tsohuwar bango. A Bambai ta ƙasar Indiya ita ce mai digirin kimiyyar haɗa magunguna, mai harsuna uku a baki, wadda ƙannen babanta ke shakkar gardama da ita. Amma tun da ta sauka a Biyasheba ta ƙasar Isra'ila ta shiga ulfan, makarantar kwanan da ake koya wa sababbin zuwa Ibrananci, ta koma tamkar 'yar yaye. Dokar makarantar ɗaya ce: daga farkawa har kwanciya, babu wani harshe sai Ibrananci. Kowane ɗalibi kuma an ba shi gidan da zai riƙa yin Asabar, don kunnensa ya saba.

Ita sai rabonta ya faɗa gidan Gizala, wadda kowa ke kira Ima, wato uwa, mutuniyar tsibirin Jarba ta ƙasar Tunisiya, wadda ba ta yarda da kowa ba sai ta shinshina shi. Ga shi a shekarun nan gari ya ɗauki magana: wai waɗannan baƙaƙen mutanen Indiya Yahudawa ne na gaskiya? Wai ya halatta a aure su?

Nisim bai damu da maganar gari ba, ko kuwa haka ta ɗauka. A motarsa ta haya suka saba. Tana zaune a bayansa tana karanta allunan shaguna da ƙarfi, harafi-harafi, shi kuma sai ya rage gudu har ta kai ƙarshe, fasinjoji na yi masa tsawa. Bai iya Turanci ba, ita ba ta iya Larabci ba. Duk soyayyarsu a cikin ɗan guntun Ibranancinta aka gina ta.

"Hasken idona," yake ce mata, "ki yi haƙuri da Ima. Bakinta ne kawai."

"Idonta ma," in ji Yerusha.

Ana nan sai wani ɗan uwansu ya sauka daga jirgi da saƙon mahaifiyarta: kwakwa guda biyu a naɗe cikin tsohon zane. Yerusha ta rungume su tana kuka. Nan take ta yanke shawara. Bakinta ya gaza kare ta, to bari hannunta ya yi magana. Za ta yi musu miyar kazar da ake yi a gidansu kowace Juma'a.

Ta fasa ɗaya a ɗakinta, ta goge, ta matse, ta tace. Da ta nemi abin zubawa, ba ta samu ba sai wata kwalbar da ake sayar da madara a ciki. Ta wanke ta tas da ruwan zafi, ta cika ta.

Ranar Juma'a da hantsi ta isa. Ima Gizala ta ba ta tukunyar nama da ƙyar, ta tsaya a kanta hannu a ƙugu.

"Wannan jan garin mene ne?"

"Barkono."

"Wannan fa?"

"Citta."

"Uhm."

Kaza ta yi laushi, ƙamshi ya cika gida. Yerusha ta zaro kwalbar daga jakarta, ta tuttula. Miya ta koma fari fat.

Ihun da tsohuwar ta saki sai da ya fito da maƙwabta.

"Wayyo Allah na! Madara! Madara a kan nama, a gidana, a tukunyar uwata! Na faɗa! Na faɗa tun ranar da na ga yarinyar nan!"

"A'a... Ima... ba..."

Babu abin da ya kai haɗa nama da madara muni a gidan Bayahude, Yerusha ta fi kowa sani. A gidansu ko cokalin madara ba ya kusantar na nama. Ai shi ya sa ma kakanninta suka koma ga kwakwa. Amma ta lalubi sunan kwakwa a kanta ta rasa. Ba a taɓa koya musu ba. An koya musu tumatir, an koya musu tashar mota da ofishin likita. Sauran kalmomin ma suka watse. Ta ji kanta tana zuba Marati, tana nuna kwalbar, mata na kallonta ta taga suna taɓe baki.

Ima Gizala ta naɗe hannu da tsumma, ta sunkuci tukunyar, ta zagaya ta bayan gidan ta wurgar da ita cikin rairayi, miya da komai.

Daidai nan Nisim ya shigo. Ya dubi uwarsa tana dukan ƙirji, ya dubi kwalbar da ke hannun Yerusha. Ita kuma shi kaɗai take kallo.

"Yerusha..." Muryarsa ta yi ƙasa. "Madara ce?"

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta ajiye kwalbar, ta ɗauki jakarta, ta ratsa ta tsakanin matan kanta a sama. A ƙafa ta koma makaranta cikin zafin rana. Sai da ta rufe ƙofar ɗakinta sannan ta bar hawayen suka zubo.

Malama Bruriya, shugabar ajinsu, ta same ta da ɓawon kwakwa a cinya. Da zane a takarda da nuni da hannu Yerusha ta ba ta labari. Malamar ta faɗa mata sunan kwakwa, ta sa ta maimaita har ya zauna.

"Tashi mu je tare, in yi musu bayani. Yanzu magana za ta mutu."

"A'a."

"Ke 'yar nan, taurin kai zai raba ki da yaron kirki."

"Malama, tsohuwa ba ta san ni ba. Shi ya san ni. Kuma ya tambaya."

Asabar ta zo ta wuce, ba ta je ba. Ta shiga aji kullum, ta zauna a gaba, tana haddar kalmomi kamar mai wasa wuƙa. Idan motar Nisim ta tsaya a tasha, sai ta juya baya ta jira ta gaba. Abinci ya daina shiga, amma ko ƙawayen ɗakinta ba su ji ta ambaci sunansa ba.

Bayan kwana tara, ranar Lahadi, Nisim ya zo bakin makaranta, ido jawur.

"Raina, ki saurare ni. Na kasa barci, na kasa tuƙi, shekaranjiya saura kaɗan in hau kan jakin wani Balarabe."

"Allah ya kiyaye jakin."

"Ki daina mana! Ki ce kuskure ne, shi ke nan. Ki ce a ƙasarku ba a koya muku ba. Ni zan lallashi Ima. Na ma yi magana da malamin majami'armu, ya ce akwai wani ɗan wanka da ake yi wa wanda ake shakkar asalinsa, daga nan sai a ɗaura..."

"Wanka?"

"Ba wani abu ba ne, don dai bakin mutane..."

"Bakin mutane ko zuciyarka?"

Ya kawar da kai. Wannan ya gaya mata komai. Ashe duk lokacin da yake rage mata gudun mota, akwai wata 'yar shakka a kwance a ƙasan ransa.

"Kakannina," ta ce, tana ɗora kowace kalma a wurinta, "sun riƙe Asabar a ƙasar da babu wanda ya san ta. Ba su da littafi, ba su da malami. Sun riƙe. Ni ba zan yi wanka don in zama abin da nake ba."

"To me kike so in yi?"

"Talata da la'asar ka zauna a gida. Zan zo."

Ta zo kuwa, da tukunyar naman makaranta a rungume, jaka a kafaɗa. Ima Gizala ta tare ƙofa.

"Ba dai a gidana ba!"

"To a tsakar gida."

Ta dire tukunyar a kan teburin da ke ƙarƙashin inabi, ta buɗe. Miya fari fat, sak irin ta rannan, kaza na leƙowa. Tagogin maƙwabta suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Yerusha ta zuba a faranti, ta tura gaban Nisim, ta ajiye cokali.

"Ni Yerusha, 'yar Ribka, 'yar Segula, na ce babu madara a ciki."

"Ƙarya take!" in ji tsohuwar. "Ga ido na gani! Nisim, idan ka kai wannan abin bakinka, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Nisim ya dubi Yerusha kamar mai roƙo. "Ki dai faɗa min mene ne a ciki..."

"A'a. Ban kawo maka shaida ba. Maganata kawai na kawo. Idan ba ta isa ba, in ɗauki tukunyata."

Ko gira ba ta motsa ba. Ta san idan ya ture farantin nan, ta rasa shi ke nan, kuma ba za ta waiwayo ba.

Ya ɗauki cokalin. Uwarsa ta kurma ihu. Ya ɗebo, ya rufe ido... sai kuma ya buɗe su, ya kafa su a kan Yerusha, ya kai baki. Ya haɗiye. Ya ƙara ɗebowa.

"Na ci," ya ce, hawaye na bin kuncinsa. "Ki yafe min tambayar da na yi miki."

Sai a lokacin ta buɗe jakarta. Ta fito da rabin kwakwar da ta rage, da magogi, da ƙyalle fari. A gaban kowa ta goge, ta yayyafa ruwa, ta murɗe ƙyallen. Farin ruwa ya tsiyaya cikin kofi. Ta faɗi sunan abin da Ibrananci, da ƙarfi, yadda na tagar ƙarshe ma za ta ji.

Ima Gizala ta matso kamar mai tunkarar maciji. Ta juya ɓawon, ta ƙwanƙwasa, ta shinshina kofin. Ta tsoma ɗan yatsa ta lasa.

"Duk da haka kina da laifi," ta ce a ƙarshe. "Ubana a Jarba, idan aka yi girkin nama da farin ruwan 'ya'yan itacen almon, sai ya sa a ajiye 'ya'yan a gefen tukunya, don kada mai gani ya yi zato. Wa ya ce ki zuba a kwalbar madara? Duk karatun naki?"

Yerusha ta buɗe baki za ta mayar, sai ta rufe. Wannan karon tsohuwar na da gaskiya.

"Na ji, Ima."

"Uhm." Ta ja kujera ta zauna, ta janye farantin daga gaban ɗanta. Ta ɗanɗana. "Gishiri bai ji ba." Ta ƙara cokali biyu. Sannan ta ɗaga kai ta harari tagogin.

"Me kuke kallo, munafukai? Ba ku taɓa ganin mace na cin girkin surukarta ba?"

Tagogi suka rufe. Nisim ya dafe baki, dariya da kuka suka haɗe masa. Yerusha kuwa ta tsaya tana raba ido. Kalmar ƙarshen nan ba ta taɓa jin ta ba. Ta sunkuya kusa da shi.

"Me ta kira ni? Zagi ne?"

Tsohuwar ta buga cokali a kan tebur.

"Matar ɗana, ke! Wai me suke koya muku a makarantar nan? Zauna ki ƙara min miya."