Miƙo Shi Nan

Tun ranar da Zalika ta haihu a Falanko, Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinta, ta yanke inda jariri zai kwana: tsakanin uwarsa da bango, da wuƙa ƙarƙashin kansa saboda iskoki. Ita kuwa tsohuwar, a bakin ƙofa take shimfiɗa tabarmarta.

Wani dare Zalika ta farka, wutar ƙarƙashin gadon jego ta mutu, yaro yana ta tsala kuka.

Daga bakin ƙofa Gwaggo ta ce, "Miƙo shi nan ya kwana wajena, ki samu ki runtsa. Bar wuƙar can."

Zalika ta gaji liƙis, ta miƙa shi cikin duhu. Hannun da ya karɓa sanyi ƙalau kamar gindin randa, kuma babu warin tabar da Gwaggo take taunawa. Yaro ya yi tsit.

Sai aka girgiza ƙyaure daga waje, aka yi tarin nan da ta sani tun tana yarinya.

"Zalika, na samo garwashin. Wa ya ɗaure ƙofa ta ciki?"

A kan tabarma, mai riƙe da ɗanta ta ci gaba da jijjiga shi.