Waƙar Dakan Inna

Fiyanon ya iso Tambuwal naɗe cikin bargo, a bayan babur, kamar mara lafiya. Na makarantar firamaren da Zahara'u ke koyarwa ne a Kebbe. Wata ƙungiya ce ta ba su shi, ya shekara a sito ɓeraye na zagaya shi, sai da aka yi hutu ta aro shi. Mai baburin kuwa Mu'awiya ne, ɗan ƙanwar babanta, wanda ya daɗe yana ɗaukarta matar da zai aura ba tare da ya tambaye ta ba.

Mai shagon gyaran kwamfuta, Siddiƙ, ya ɗago kai ya amsa sallama, ya manta da sukundireban da ke hannunsa.

"Malama, mi anka kawo muna?"

"So nika in sa kiɗan wanga abu cikin kwamfuta. Na gwada, sai ƙugi."

Ya karɓi kebul ɗinta ya juya shi. "Kin haɗa kafar abin saurare da kafar makirufo. Dole shi yi ƙugi."

Ya ɗauko wani kebul na USB, ya cusa kai ɗaya a bayan fiyanon, ɗayan a kwamfuta, ya buɗe manhajar ɗaukar kiɗa. Ya ce ta taɓa. Ta danna maɓalli guda da ɗan yatsa, wani koren layi ya fito a allo. Ta yi dariya. Ita kanta ta jima ba ta ji dariyarta ba.

"Wace waƙa ce?"

"Ta dakan Innata. Ta rasu. Tun rannan Baba ya hana waƙa a gidanmu, ni kuma na fara mantawa. Amma banda muryata, don Allah. Kiɗan kawai."

"Wanga kebul kurma ne," in ji shi. "Yatsa kawai shika ji."

Fiyanon ya zauna a shagon. Ita ta riƙa zuwa, tana laluben waƙar da yatsa ɗaya, yana gyara mata. Saƙonni suka biyo baya.

"Kin isa gida lafiya, Mai Yatsa Ɗaya? Hanyar Kebbe ba ta da imani."

"Na isa, Kurma. Ka ci abinci ko kwamfuta ka ci?"

"Na ci. Ya yi lami ne kawai, don ba kya nan."

Wata rana waƙar ta kufce mata a tsakiya. Ta rufe ido, ta rera ta da baki, baiti biyu, don ta kamo inda ta ɓace. Da ta buɗe ido, jan ɗigon ɗauka na ci a allo, Mu'awiya kuma na tsaye a bakin ƙofa da makullin babur. Ajiye maganar ya yi a ransa, sai ranar da magabatan Siddiƙ suka je Kebbe neman aure, sannan ya kai wa kawunsa.

Baban nata, Malam Ɗangiwa, manomin gero ne, mutum mai gajeriyar magana. Ya sallami baƙin da ruwa da godiya, ya shigo gida.

"Ban ba makaɗi ɗiyata. Balle wanda ya ɗauki muryarta, gobe in ji ta a wayar 'yan tasha."

"Baba, ba makaɗi ba ne, gyaran..."

"Kin yi waƙa a shagonshi ko ba ki yi ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ya fita.

Ta rubuta wa Siddiƙ: "Na ga jan ɗigon rannan. Ka faɗa min gaskiya, muryata tana ciki?"

"Wallahi babu, Zahara. Ban haɗa makirufo ba."

"An ce kowace na'ura tana da kunne."

"Ki roƙi Baba ya kira ni. In an ji muryarki, kar ki ƙara duban inda nike."

Tana son ta yarda da shi, amma ta ga ɗigon da idonta, shi kuma rantsuwa ce kawai ya turo, abin da kowane saurayi ke da shi kyauta.

Wata gwaggonta ce ta shawo kan Malam. Aka kira Siddiƙ bayan la'asar, ya zo da fiyanon da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya durƙusa a zaure ya shimfiɗa su kan tabarma. Mu'awiya ya riga kowa zama. Zahara'u na rakuɓe a ƙofar cikin gida.

"Kunna na rannan," in ji Malam. "In na ji muryarta, ka kwashi kayanka, babu kai babu ita."

Siddiƙ ya haɗa kebul. Ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, allon ya ce bai ga fiyano ba. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ya ƙi fitowa don ya san abin da ke ciki," in ji Mu'awiya.

Siddiƙ ya zare kebul ɗin, ya hure ƙasar hanya daga kafar, ya mayar, ya kashe fiyanon ya kunna. Zahara'u ta damƙe gefen mayafinta har farcenta ya shiga tafinta.

Kiɗan ya fito ta lasifikar fiyanon, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, babu mai taɓa shi. Ya zo wurin da ta ɓace, ya tsaya. Nan ne ta yi waƙar. Babu komai sai kukan akuya a waje. Can kiɗan ya ci gaba.

"Ya goge ne, Kawu," in ji Mu'awiya. "Waɗannan mutane..."

"Baba, a gwada yanzu a gabanka," in ji Siddiƙ, ya danna, jan ɗigon ya kama. "Ga shi shina ɗauka. Kowa ya faɗi abin da shika so."

Mu'awiya bai jira gayyata ba. Ya zazzage cikinsa da ƙarfi, ya kira Siddiƙ maroƙi, ya haɗa da 'yan Tambuwal gaba ɗaya. Malam ya miƙa hannu ya buga fiyanon don Mu'awiya ya yi shiru. Siddiƙ ya tsayar, ya mayar baya, ya kunna. Dogon shiru, sannan ƙara guda, ta tafin Malam. Duk zagin Mu'awiya bai samu shiga ba, karon farko da maganarsa ta sami darajar da ta dace da ita.

Malam bai dubi kowa ba. Idonsa na kan fiyanon.

"Maido na farko."

Aka maido. Ya saurara kansa a ƙasa. Zahara'u ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, ta tabbata yanzu zai tattake abin. Ya gane waƙar matarsa, wadda ya hana a gidan.

"Tsaya," ya ce, muryarsa ta dushe. "Nan kuskure ne. Ba haka taka yi ba. Nan takan jefa taɓarya sama, ta tafa, kana ta cafe. Kun haɗe shi kamar mai gudu."

Siddiƙ ya kama koren layin da ke allo, ya ja shi gefe, ya bar fili. Ya kunna.

"Ƙara."

Ya ƙara.

Kiɗan ya zo wurin, ya yi shiru daidai tsawon tashin taɓarya. A cikin shirun, Malam Ɗangiwa ya tafa hannu sau ɗaya, shi da kansa, kafin ya ankara. Zahara'u ta toshe bakinta da mayafi.

Ya ɗago kai ya dubi Siddiƙ. "Kai, mi ubanka ka yi?"

"Noma, Baba. Dawa da wake."

"Ce mishi ya dawo." Ya share fuska da hannun riga, ya juya ga Mu'awiya. "Kai kuma tashi ka duba akuyar can, ita ce ke son jin muryarka."

Kafin Siddiƙ ya kai tasha saƙonta ya same shi: "Ka yafe min, Kurma. Na yi shakka."

"Na yafe, Mai Yatsa Ɗaya. Ni ma da kebul ɗin ya ƙi, na yi shakkar kaina."

An ɗaura aure bayan girbi, a ƙofar gidan Malam, aka raba goro da dabino. Da za a tafi da amarya Tambuwal, ya dafa kanta ya ce, "Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman da munka yi da uwarki, shi ƙara muku da tsawon da mu ba mu samu ba."

Aka ce amin. Motar ta tashi. Ya koma zaure, ya zaro wayar da surukinsa ya sa masa kiɗan a ciki, ya kunna, ya ajiye ta a gwiwa, hannuwansa biyu a buɗe suna jiran wurin taɓarya.