Kan Maigida, Ƙwaƙwalwar Wani

Makullin gida na manta a ofis, shi ya mayar da ni bayan an tashi, dab da magariba. Ɗakin yana warin ragowar shayi. Fanka na juyawa, kwamfuta na gurnaninta.

Aikinmu shi ne mu ɗura mata hotunan ƙwaƙwalwar mutane, ta koyi yadda kowace ta nannaɗe, kwari da tudu. Farfesa, shugabanmu, ya sha faɗa cewa wannan ninkin ba ya zuwa ɗaya, ko a tagwaye. Ba ma sa suna, sai lamba. Ni ma ina da tawa. Ta maigidana kuwa na haddace ta, don ni na lallaɓa shi ya shiga injin hoto sau biyu: bara, da kuma makon nan, bayan wani zazzaɓi da tun da ya tashi daga shi ya daina barci, ya daina tsokanata.

Na ce bari in leƙa hotunansa. Karambani dai irin nawa.

Kwamfutar ta raba hotunansa biyu, wai ba mutum ɗaya ba ne. Na yi tsaki na sake tambayarta. Amsa ɗaya. Na bara yana gefe shi kaɗai. Na makon nan ta haɗa shi da wasu lambobi shida, ninki ɗaya sak, kamar an buga hatimi.

Na jawo takardunsu. Tsohuwa, direba, ɗaliba, da sauransu. A ƙasan kowace an rubuta: ba a sake ganinsa ba, iyali na nema. Kowane hoto kuma an ɗauke shi ne bayan ɓacewar na gabansa.

Fanka ta tsaya.

Wari ya taso, na jiƙaƙƙiyar toka.

Taku a baranda. Na san takun, na maigidana ne.

Ƙofa ta buɗe babu sallama, shi da ko ɗakin girki ba ya shiga sai da sallama.

"Maman yara," ya ce ƙasa-ƙasa. "Me ta nuna miki?"

Ban gaya wa kowa na dawo ba.

A kan allo, ƙarƙashin tasa, wata lamba ta fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Tawa ce.

Na hankaɗa masa kujera, na bi ta ƙofar baya da gudu. Takalmi ɗaya na bari a matakala. Na faɗi gaban maigadi yana alwala, ya rantse ni kaɗai ya ga na shigo.

Yayana na kira, shi ya raka ni gida. Muka tarar da maigida zaune yana ba autarmu abinci a baki, ya ce ko ƙofa bai leƙa ba. Na fizge ta, na kwashe yaran zuwa gidan yaya. A rana ta uku aka nemi maigida aka rasa.

Farfesa ya ce kuskuren na'ura ne, ya goge. Ban koma aikin ba.

Wallahi ina kewar mijina, har abinci ba ya wuce mini. Amma duk aka ƙwanƙwasa ƙofa yara suka ruga da gudu, addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa ba shi ba ne.