Yatsun Idirisa

Ranar da Tsahara ta fara taka Tsibiri, mahaifinta Maman Lawali ta rako daga Jiratawa, ɗauke da zaren da ta kaɗa da hannunta. Sun wuce marina da masaƙa, sai ta ja ta tsaya bakin wata rumfa, inda wani saurayi ya baza babbar riga bisa gwiwa yana yi mata aiki da zaren tsamiya.

Ya karɓi zaren yana murzawa. "Wa ya kaɗa wanga?"

"Ni ce."

"To ni Idirisa, daga yau ba ni ɗinki da zaren kowa sai naki."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kafin kaka ya laƙa mata suna 'Yar Mazari, magabatansa kuma suka je Jiratawa neman aure.

Maman Lawali ya ƙi. Ya kira ta ya ce, "Ɗiyata, yaron ba ya da aibu. Amma Maliki, gardin da ke tsaron kumandan, Baturen mulkin Maraɗi, ya tambayi aurenki na hana shi. In ya ji na ba wani, kin san shi ka zaɓen masu tahiya aikin dole."

Maganar kuwa ta riga ta isa kunnen Maliki. Ranar kasuwa, a gaban idonta, aka tayar da Idirisa daga rumfa, aka tura shi cikin kamiyo, babbar motar kaya, tare da masu fasa dutsen hanya.

Saƙo ɗaya ya iso mata ta bakin goggonta Atika: "Ki ce ma 'Yar Mazari ina da rai. Kar ta bar kaɗi, kar ta yi kuka gaban mutane."

Daga nan shiru. Duk ƙarar mota sai gabanta ya faɗi. An dawo da gawar mutum biyu Tsibiri, ta kasa tambayar sunansu har sai da Atika ta je ta jiyo. Maliki kuma ya tare ta a hanyar rijiya.

"Idirisa ya gudu Katsina, har ya yi aure. Wa kike jira?"

Ta wuce abinta, amma kwana uku ba ta iya cin tuwo ba.

Wata na biyar aka yi shela cewa Faransa ta soke aikin dole. Mutane suka riƙa dawowa a ƙafa. Ran nan da hantsi sai ga Idirisa a ƙofar gidansu, ya rame, ya ɓoye hannun dama cikin riga.

"An ce ka yi aure a Katsina."

"Ban wuce bakin dutse ba." Ya fiddo hannun. Yatsu biyu sun lanƙwashe. "Na zo in sallame ki ne. Ban san ko zan ƙara riƙe allura ba."

Ta dubi hannun har hawaye suka zubo. "Wata biyar ina jiran gawarka. Kar ka ƙara ce mini sallama."

Maman Lawali, da ke zaure yana jin su, ya fito. "Tsoro ya sa na hana, bai kuma tsare ka ba. Ka turo manyanka Juma'a."

Aka ɗaura aure bayan sallah. Da za a tafi da ita Tsibiri, tsohon ya dafa kanta.

"Allah shi zaunar da ku lahiya, shi ba ku zuri'a ta gari."

"Amin, Baba," in ji Tsahara.