Sawun Dorina a Bakin Rafi

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ni nan na taɓa kawo dorina garinmu!

A wani zamani na karɓi hayar filin kiwo a wurin wata tsohuwa. Ta ce, "Angona, kai su gabas, kai su yamma, amma kada shanunka su taka gaɓar rafi. A gindin ciyawar nan kifi ke zuba ƙwai."

Na ce to. Amma ciyawar gaɓa koriya ce shar, shanuna kuwa sai kallonta suke yi. Na sake su. Suka ci, suka tattake, gaɓa ta zube, ruwa ya koma kamar kunu.

Ni da dabara! Na ɗauko turmi, na bi laka ina dangwala gindinsa kamar sawun dorina. Na ruga ina ihu, "Iya, dorina ta cinye gaɓa!"

Tsohuwa ta zo, ta dubi sawun, ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah! Dorina ba ko yatsa, kuma tana kashin shanu?"

Ta miƙo mini fartanya tana dariya. "Angona, dasa ciyawar jema mai riƙe gaɓa tun daga nan har gindin kukar can. Shanunka kuwa suna turkena sai ranar da na ga 'yan kifi suna wasa."